Kan Keke a Tsohuwar Turbar Jirgin Ƙasa: Tarvisio, Fusine da Kranjska Gora

A kusurwar arewa maso gabashin Italiya, inda iyakarta ta haɗu da ta Ostiriya da ta Sloveniya, akwai wani ƙaramin gari mai suna Tarvisio wanda hanyoyin keke biyu masu kwalta suka ratsa, kuma dukansu an shimfiɗa su ne a kan turbar da tsohon layin dogo ya bi, shi ya sa mota ba ta da hurumin hawansu. Ɗaya ta nufi gabas ta tsallaka Sloveniya har Kranjska Gora da Mojstrana. Ɗayar kuma ta gangara tana bin kogin Fella, kuma wani yanki ce na doguwar hanyar Alpe Adria, wadda ta taso daga Salzburg ta Ostiriya ta ƙare a Grado ta Italiya a bakin teku, tafiyar kimanin kilomita 410. Na je can a farkon Satumba da keken tsere mai siraran tayoyi, ina so in ga ko gaskiya ne mutum zai iya wuni yana tuƙi tsakanin tsaunuka da tafkuna ba tare da yana waiwayen abin da ke tahowa bayansa ba.

Daga Udine na hau jirgin Micotra, wanda ke zirga-zirga tsakanin birnin da Villach ta Ostiriya, yana kuma jan tarago na musamman domin kekuna. Na sauka a tashar Tarvisio Boscoverde, wadda aka buɗe a shekarar 2000 lokacin da aka kammala sabon layin da akasarinsa ke bi ta ƙarƙashin duwatsu. Wannan sabon layi shi ne musabbabin duk abin da zan ba da labari a ɓangaren kogin Fella, domin da jirage suka koma kansa sai tsohon layin na 1879 ya zama kango, da gadojinsa da tashoshinsa da ramukan da aka huda masa a cikin dutse, har hukumomin yankin Friuli suka cire ƙarafan suka zuba kwalta.

Garin Tarvisio kansa yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 750, kuma ana jin harsuna huɗu a kwarin: Italiyanci da Jamusanci da Sloveniyanci da harshen Friuli. A safiya ɗaya an gaishe ni da "ciao", an gaishe ni da "mandi", wani dattijo mai jan kare kuma ya ce "Grüß Gott". Tarihin wurin ne ya kawo haka. Tun daga shekarar 1007 kwarin yana hannun limaman cocin Bamberg ta ƙasar Jamus, har Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya ta saye shi a 1759, kuma bai zama na Italiya ba sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Dajin da ya kewaye shi ya kai hekta 24,000, shi ne gandun dajin gwamnati mafi girma a Italiya, kuma a cikinsa akwai wani nau'in itacen spruce da masu ƙera gogen Turawa ke nema ruwa a jallo, saboda sanyin wurin yana sa itacen ya girma a hankali, jikinsa ya yi tsari ɗaya, sautinsa ya fita tas.

Na fara da hanyar gabas. Ita kuma a kan layin da ya haɗa Tarvisio da Ljubljana, babban birnin Sloveniya, tun 1870 take, wanda aka daina amfani da ɓangarensa na Sloveniya a 1966. Da zarar an bar tashar sai daji ya rufe hanyar dama da hagu, dogayen itatuwa masu ganye kamar allura suna tsaye a miƙe, ƙamshin ƙaronsu ya cika iska, kwaltar kuma tana da danshi ko da ba a yi ruwa ba, saboda rana ba ta samun ratsawa sai ta take. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda nake hawa ba tare da ƙafata ta san ana hawa ba. Jirgin ƙasa ba ya iya haura tudu mai tsini, don haka injiniyoyin wancan zamani suka datse duwatsu suka cike kwazazzabai har turbar ta miƙe da ɗan tashi kaɗan kaɗan, kuma wannan wahalar da suka sha domin injin gawayi ita ce mai keke yake cin moriyarta yau. Nan da can ana wuce tsoffin gidajen masu gadin layi, wasu an gyara ana zaune ciki, wasu tagoginsu a toshe da katako.

Tafkunan Fusine ba a bakin hanyar keken suke ba, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai niyyar zuwa ya sani. Sai an sauka daga turbar a kusa da ƙauyen Fusine in Valromana, an shiga titin mota siriri mai hawa sosai na 'yan kilomitoci, ana rabon kwalta da motocin masu yawon buɗe ido da manyan motocin nan masu ɗakin kwana a ciki. A nan na koma giya mafi sauƙi, na miƙe tsaye a kan feda, ina jin numfashina a kunnena, wata mota kuma tana bin bayana a hankali tana jiran inda za ta wuce. Direban bai yi hon ba, kuma da ya sami sarari ya ba ni tazara mai kyau, amma duk da haka kafaɗuna sun ɗaure irin ɗaurewar da na manta da ita tun safe. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, domin a duk yankin nan haka abin yake: jirgin ƙasa ya bi tsakiyar kwari, tafkunan kuwa suna can lungunan gefe, kuma titin mota ne kawai ke kaiwa gare su.

Tafkunan biyu ne, na ƙasa da na sama, dukansu a tsayin da ya ɗan haura mita 920, kuma ƙanƙarar zamanin da ce ta haƙa gurbinsu ta bar tarin duwatsu a tsakaninsu. Na ƙasan ya fi zurfi, daji ya sauko har bakin ruwansa, launinsa kore shar mai duhu, ana hango gungumen itatuwan da suka faɗa ciki kwance a ƙasa, da kifaye suna shawagi a samansu. Na saman ya fi buɗewa, akwai makiyaya a bayansa, sannan bangon tsaunin Mangart, wanda ya haura mita 2,670, ya tashi fari fat kamar an yanke shi da wuƙa. Na jingine keken a jikin wani itace na zagaya tafkin ƙasa da ƙafa, abin da takalmin keke mai ƙarfe a tafinsa bai dace da shi ba ko kaɗan, domin saiwoyin itatuwan suna da santsi. Da azahar ta yi na yi alwala a wata ƙaramar ƙorama da ke shiga tafkin, ruwan ya fi na randa a tsakiyar hunturu sanyi nesa ba kusa ba, har yatsuna suka ƙage na ɗan lokaci. Wannan lungu yana cikin wuraren da suka fi ko'ina sanyi a Italiya, kuma ko a Satumba wanda ya zauna a inuwa da rigar da ya yi gumi a cikinta zai fara karkarwa kafin ya gama cin guzurinsa. Wata mata da ke zaune a benci na kusa ta ga na shimfiɗa rigar ruwata a kan ciyawa zan yi salla, sai bayan na sallame ta nuna mini ƙafarta da hannu tana faɗin wata kalma, daga baya na fahimci kaska take gargaɗina da ita. Gargaɗin yana kan hanya, domin kaskar dazuzzukan Friuli da Sloveniya tana ɗauke da cutar da ke kumbura ƙwaƙwalwa, kuma mutanen wurin sun saba duba jikinsu duk lokacin da suka fito daga ciyawa.

Na koma turbar na ci gaba gabas. Iyakar Sloveniya tana kusa da ƙauyen Rateče, kuma a kan hanyar keke babu abin da ke nuna ta sai allo. Sloveniya ta shiga yarjejeniyar Schengen, wadda ta soke binciken kan iyaka tsakanin ƙasashen Turai da ke cikinta, a Disambar 2007, amma a Oktoban 2023 Italiya ta dawo da binciken wucin gadi a wannan iyaka, saboda haka ban rabu da fasfo da katin izinin zama ba, suna cikin leda a aljihun bayan rigata. Babu wanda ya tsayar da ni, sai dai ba zan ba wani baƙo shawarar ya bar takardunsa a masauki ba. Daga Rateče ana hango tudun da iyakokin ƙasashen uku suka haɗu a kansa, mai tsayin mita 1,508, inda mutanen ɓangarorin uku ke taruwa kowace Satumba. Ta kudu kuma kwarin Planica ne, inda ake gasar tsalle da takalman zamiya a kan dusar ƙanƙara. A can ne Sepp Bradl ya zama mutum na farko da nisan tsallensa ya haura mita 100 a 1936, Toni Nieminen kuma ya haura mita 200 a 1994. Na leƙa na ga dandamalin tsallen a bushe, ciyawa ta rufe gangarensa, ban daɗe ba na juyo.

Wurin da ya riƙe ni shi ne Zelenci, wani ɗan ƙaramin tafki a tsakiyar fadama, 'yan mintuna daga hanyar ta kan gadar katako. Ruwan da ya nutse cikin tsakuwa can sama a kwarin Tamar shi ne yake ɓuɓɓugowa a nan ta cikin farar laka, kuma idan mutum ya tsaya ya zuba ido zai ga ƙananan gurabe a ƙasan ruwan suna tashi suna faɗuwa, yashi yana juyawa a bakinsu. Zafin ruwan ba ya wuce digiri 5 zuwa 6 rani da damina, ba ya kuma daskarewa ko da dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Daga wannan kududdufi kogin Sava Dolinka ya faro, kuma shi ne babban reshen Sava, wanda ke ratsa Zagreb ya je ya faɗa kogin Danube a Belgrade.

Daga Tarvisio zuwa Kranjska Gora kimanin kilomita 20 ne idan ba a ratse ba, kuma kusa da garin hanyar takan cika. Akwai iyalai masu jan yara a ƙananan kekunan ja, da tsofaffi a kan kekuna masu batir waɗanda suke wuce mutum ba tare da sun yi gumi ba, da 'yan wasan dusar ƙanƙara masu atisaye a kan takalma masu ƙananan tayoyi, suna wurga sanduna dama da hagu. A ra'ayina wanda yake son gudu ya yi kuskuren wuri, domin rashin mota bai mayar da turbar filin tsere ba. Duk inda ta gitta titin ƙauye akwai shinge ko alamar tsayawa, yaro kuma yana iya karkatowa gabanka ba sanarwa, saboda haka yatsu biyu ba sa barin birki, ƙararrawa kuma ta fi giya amfani.

Tafkin Jasna yana da tazarar kilomita biyu daga garin, kuma mutane ne suka tare ruwan ƙoramu biyu suka yi shi, da mutum-mutumin bunsurun dutse a bakinsa wanda kowa ke layin ɗaukar hoto da shi. Yana da kyau, amma bayan Fusine bai girgiza ni ba. Abin da ya ja ni shi ne titin da ya wuce ta gefensa ya haura zuwa mashigar Vršič mai tsayin mita 1,611, wanda ke da kwana 50, 24 ta wannan ɓangare da 26 ta ɓangaren kwarin Soča, kowace da lambarta da tsayinta a rubuce. Wannan titin mota ne sosai, kuma masu manyan babura suna ƙaunarsa, ƙararsu tana amsa kuwwa daga bango zuwa bango. Kwanonin ɓangaren arewa ba kwalta ba ce, ƙananan duwatsu ne aka jera, kuma siririyar taya tana rawa a kansu har haƙoran mutum su riƙa haɗuwa. Na hau har kwana ta 8, inda wata ƙaramar majami'ar katako mai hasumiya biyu take a cikin itatuwa. Sojojin Ostiriya da Hangari ne suka sa fursunonin yaƙi Rashawa, kimanin 10,000, suka gina titin a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, domin kai kayan yaƙi fagen daga na kogin Soča, kuma a Maris na 1916 dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne fiye da mutum 100 daga cikinsu tare da wasu masu gadinsu. Waɗanda suka tsira ne suka gina majami'ar, akwai kuma kabari mai siffar dala a gefenta. Ban ƙarasa sama ba, domin la'asar ta yi sanyi, gangarowa kan waɗannan duwatsu da babura a baya kuma yana buƙatar hannu mai sauran ƙarfi. Na sauko a hankali, gefen tayoyin ya yi zafi saboda birki.

Ragowar turbar zuwa Mojstrana, kimanin kilomita 14, gangara ce mai sauƙi tare da kogin, ta kan tsoffin gadojin ƙarfe. A Gozd Martuljek daji ya buɗe, tsaunin Špik ya bayyana da tsininsa, kowa kuma yana tsayawa a wuri ɗaya. Mojstrana ita ce ƙofar kwarin Vrata da ke kaiwa gindin Triglav, tsauni mafi tsayi a ƙasar, mita 2,864, wanda wani limamin cocin ƙauyen Dovje mai suna Jakob Aljaž ya sayi ƙoƙuwarsa ya kafa ƙaramar hasumiyar ƙarfe a kai a 1895, a lokacin da ƙungiyoyin masu hawan dutse na Jamusawa ke neman mamaye tsaunukan yankin.

Hanya ta biyu, wadda ta bi kogin Fella, ita ce ta fi burge ni a matsayin aikin injiniya. Daga Tarvisio ana ɗan hawa zuwa Camporosso, a tsayin kimanin mita 810, wani fili shimfiɗaɗɗe da ba wanda zai kula da shi, alhali a nan ruwa yake rabuwa: wanda ya gangara gabas yana bin Slizza da Drava da Danube zuwa Bahar Aswad, wanda ya gangara yamma kuma yana bin Fella da Tagliamento zuwa tekun Adriyatik. A sama ana hango ƙauyen Monte Lussari da majami'arsa a ƙoƙuwar tsauni, inda Primož Roglič na Sloveniya ya ƙwace jagorancin gasar tseren keke ta Giro d'Italia daga hannun Geraint Thomas a Mayun 2023, duk da kacarsa ta zame ana tsakiyar hawa, ya kuma lashe gasar da ratar daƙiƙa 14. Daga nan sai gangara, fiye da mita 400 cikin sama da kilomita 30 har Chiusaforte, kuma sau da yawa ƙafa ba ta da aiki sai ɗan taɓa feda.

Na wuce Valbruna, inda kwarin Saisera ya buɗe aka ga tsaunin Montasio, na wuce Ugovizza da Malborghetto, waɗanda ambaliyar Agustan 2003 ta yi wa mummunar ɓarna, na isa Pontebba, inda wata ƙaramar gada a tsakiyar gari ta kasance iyakar Italiya da Ostiriya har Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan Pontebba kwarin ya matse, turbar ta manne a jikin dutse can sama da kogin, sai ramuka da gadoji suka fara bin juna. Shiga ramin daga hasken rana yana makantar da mutum na 'yan daƙiƙoƙi, iska mai sanyi ta doki ƙirji, ruwa yana ɗigowa daga rufin dutsen a kan hular kwano, ƙarar taya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta kuma tana ninkuwa. Akwai fitilu a cikin dogayen, amma na kunna tawa gaba da baya, na kuma cire baƙin tabarau kafin kowace shiga. Fita daga ramin sau da yawa kai tsaye kan gadar ƙarfe ce, ruwan Fella fari da shuɗi yana gudu a kan farar tsakuwa can ƙasa, rufin gidajen ƙauyen Dogna kuma yana ƙarƙashin ƙafar mutum.

Akwai abin da hotunan talla ba sa nunawa. Wannan kwari shi ne babbar mashigar kaya tsakanin Italiya da Ostiriya, don haka babbar hanyar A23 da titin SS13 suna cikinsa, a wasu wuraren ginshiƙan kankare na babbar hanyar suna tsaye a tsakiyar kogin, gurnanin tireloli kuma yana zuwa kunne ko da ido bai gan su ba. Motar ba za ta taɓa ka ba, amma shirun da na samu tsakanin Tarvisio da Rateče babu shi a nan sai jefi-jefi. Idan aka ce in zaɓa wa mai neman daji da tafki, hanyar gabas zan nuna masa. Mai son gadoji da ramuka da doguwar gangara kuma ya bi Fella.

A Chiusaforte an mayar da tsohuwar tashar jirgin wurin hutawar masu keke, da tebura a kan dandamalin da fasinjoji suke jira a da, da famfo da kayan faci a gefe. Abincin yankin yana da naman alade da yawa, har a miyar wake, saboda haka na tambayi mai kawo abinci dalla-dalla kafin na zaɓi frico, wato cukun Montasio da dankalin turawa da albasa da ake soyawa tare har bayansa ya yi ɓawo, a kawo shi da tuwon masara da suke kira polenta. Yana da nauyi a ciki, kuma na ji nauyin da na juya keken, domin sabon layin jirgin ba shi da tasha a Chiusaforte, sai na sake haura kilomita 13 zuwa Pontebba ta cikin ramukan da na fito. Hawan bai fi ƙarfin giya ta tsakiya ba, iskar da ke tasowa daga kudu da rana kuma tana bayana. Na isa da sauran lokaci kafin jirgin yamma, na sayi tikitin mutum da na keke, domin kowanne da kuɗinsa, ma'aikacin taragon kuma ya karɓi keken ya jera shi tare da na wasu 'yan Ostiriya da suka gangaro daga Villach tun safe.